Manhajar da muka rubuta sau biyu

Yara 9 aka miƙo mini a farkon watan Oktoba, ranar da aka koma lakwal bayan hutun damina. Kwamitin iyayen yara ne ya bi unguwarmu gida-gida, nan gefen garin Damagaram, yana tambaya ko akwai yaron da ya isa shiga makaranta aka bar shi a gida. An tarar da su birjik, amma waɗannan 9 sha'aninsu daban ne: makafi 2, kurame 3, yaro guda da shan inna ya shanye wa ƙafafu, yarinya mai farfaɗiya, sai yara 2 da iyayensu suka ce kawai "kansu ba ya ja". Direkta ya kira ni ofis ya ce, "Madam, kin daɗe a CI, ajin farko na firamare, kuma Allah ya ba ki haƙuri. Ki tsara mana abin da za a koya musu, ki kawo mini kafin wata ya ƙare."

Na amsa da to. A takarda dai ba sabon zance ba ne. Dokar tsarin ilimi ta Nijar da aka kafa a 1998 ta ambaci ilimin naƙasassu, kuma a 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda sashenta na 24 ya hana a ware yaro daga makaranta saboda naƙasa. Mun sha jin wannan a tarukan ƙara wa juna sani. Sai dai doka ba ta gaya miki abin da za ki yi ranar Litinin da ƙarfe 8, ga yara kusan 70 a kan benci da tabarma, ga ɗaya ba ya ganin allo, ga wata ba ta jin muryarki.

Abin da na yi, ina jin shi yawancin malamai za su yi. Na ɗauko firogiram na gwamnati, na CI da na CP, wato aji na ɗaya da na biyu, na ɗauki jan biki, na yi dare 3 ina sokewa. Wajen makafi na soke rubutu, na soke zane, na soke darasin siffofi. Wajen kurame na soke karatu da hadda da darasin magana. Wajen yara biyun nan kuwa kusan duka shafin ya koma ja. Abin da ya rage shi ne gaisuwa, wanke hannu, waƙa, ƙidaya zuwa 5, da ɗan aikin hannu. Na kwafe shi tsaf a sabon kaye, kuma har ga Allah a raina tausayi nake yi musu. Gani nake na sauke musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Wata abokiyar aikina ta ba ni shawara in kai wa wani malami makaho da ke koyarwa a cikin gari, wanda ya yi karatunsa a makarantar makafi ta Yamai. Ranar Asabar na hau kabu-kabu na same shi a zaure. Na karanta masa shafi bayan shafi, yana saurare bai katse ni ba. Da na gama ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanwata, wannan ba manhaja ba ce. Takardar sallama ce kika rubuta musu tun ba su zauna ba." Ya tambaye ni wa ya gaya mini makaho ba ya sanin da'ira. Ya sa ɗansa ya kawo faifai da allon karatu da murfin tukunya, ya bi gefen kowanne da yatsa yana faɗa mini kusurwa nawa gare shi, wanne ya fi wanne faɗi. Ya tuna mini da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, wanda ya zo neman ilimi, daga baya ya zama ladan, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar masa riƙon Madina in zai fita. Ya ce, "Inda za ki kai sauran yaran, can za ki kai waɗannan. Hanyar ce za ki sauya."

Maganar ta yi mini zafi, ban ɓoye ba. Amma da na dawo gida na buɗe kayen, na ga ban rubuta ko layi ɗaya game da yaran kansu ba. Ban san su ba. Naƙasarsu kawai na sani, ita ma da baki aka gaya mini.

Na koma wurin Direkta na roƙi a ƙara mini lokaci zuwa ƙarshen Disamba, kuma a bar ni in nemi abokan aiki. Muka zama mu 5: ni, malamin nan makaho, wani tela kurma da ke da shago kusa da Kasuwar Dole, mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran, da mai ba malamai shawara na yankinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mako 6 na farko ba mu rubuta manhaja ba sam. Kowane yaro muka buɗe masa shafi, muka riƙa cikawa: me ya iya tun daga gida, ta wace hanya abu ke shiga kansa, me ke firgita shi, me iyayensa ke so ya iya. Da yamma ina zaga gidajen, in zauna a tsakar gida in sha fura, in yi ta kallo.

Nan ne abubuwa suka fara warwarewa. Yaron da shan inna ya kama ba ya buƙatar a taɓa ko harafi ɗaya a firogiram. Abin da ya hana shi makaranta dakalin ƙofar aji ne da kuma makewayi. Maginin unguwa ya yi mana gangare da siminti buhu 2, magana ta ƙare. Yau yana cikin na gaba-gaba a ajin. Yarinyar mai farfaɗiya ita ma kanta ras yake, sauran yara da iyayensu ne ke buƙatar darasi, don sun yarda cewa wanda ya taɓa kumfar bakinta zai ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Muka sa wannan a darasin tsabta na ajin gaba ɗaya: in ta faɗi a janye benci, a sa mata wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a juya ta ta gefe, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, in abin ya wuce minti 5 a garzaya likita. Cikin yara biyun da aka ce kansu ba ya ja, ɗaya ashe kunnensa ne ke zubar da mugunya tun yana ƙarami, rabin abin da ake faɗa ba ya ji. Aka kai shi likita, na dawo da shi bencin gaba. Ɗayan kuwa likita ya tabbatar mana yana da abin da suke kira tirisomi 21, wanda ake haifar yaro da shi, kuma koyonsa zai riƙa tafiya a hankali har girmansa.

Da na bi jan bikina, da yara 3 cikin 9 na rage wa karatu ba gaira ba dalili.

Wadda ta fi buɗe mini ido ita ce babbar cikin kuramen. Tana da shekara 5 sanƙarau ya kama ta a lokacin zafi, ta tashi amma ji ya tafi. Mu nan Damagaram mun san wannan ciwo. Yawancin kuramen da na sani ba a haife su haka ba. Uwarta ƙosai take toyawa a bakin titi, ita ke karɓar kuɗi. Na zauna kusa da kaskon wata safiya na ga ana miƙa mata dala ashirin a sayi na dala sha biyar, ta mayar da dala biyar ba ta ko ɗaga kai ba. Washegari a aji na zana tsabar 100 a allo, na rubuta 75 a ƙasa, na nuna mata da hannu cewa a cire. Ta rubuta 5 a ardwas ɗinta ta ɗaga. Na girgiza kai. Ta goge, ta dube ni, ta sake rubuta 5, ta buga alli a kai. Sai da na kai hannu zan gyara mata sannan na gane: ita da dala take lissafi, 20 a cire 15. Littafi ya ce 25, kasuwa ta ce dala biyar, kuma duk kuɗi ɗaya ne. Yarinyar ta iya ɗebewa tun kafin ta taka ƙofar lakwal. Abin da ba ta sani ba shi ne lambar da ke jikin kuɗin ninki 5 ce ta sunan da muke kiransa da shi.

Daga ranar muka shigar da wannan cikin darasin lissafi, ba don ita kaɗai ba. Muna zuwa da tsabar gaske, dala, dala biyu, dala biyar, dala goma, dala ashirin, kowace a faɗi sunanta na kasuwa a rubuta lambarta ta littafi. Makafin suna bambance su da girma da kaifin gefe, sun ma fi masu ido sauri. Kuma sai ga shi yara masu ji da gani da dama, waɗanda shekara da shekaru nake yi wa jan biki a wannan wurin, matsalarsu ke nan.

A watan Disamba muka zauna rubutu na biyu. Kowane shafi muka raba shi gida 3. Gidan farko, abin da ake so yaro ya iya, kuma wannan daga firogiram na gwamnati muka kwafe shi ba mu rage ba, sai ga yaro guda. Gida na biyu, hanyar da za a bi da wane da wance. Na uku, yadda za mu gane ya iya. Da fensir muka rubuta na biyu da na uku.

Rubutun makafi ya ci mana lokaci, kuma shi na fi jin daɗin koyo. Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ɗan baduku ne. Basillar mahaifinsa ce ta soke masa ido yana ɗan shekara 3, kuma yana da shekara 15 ya tsara rubutun da ake amfani da shi har yau. Da na ba yaran wannan labari, a garin dukawa irin namu, ba wanda ya tambayi mece ce basilla. Rubutun ɗigo 6 ne, layi 2 a tsaye, kowanne da ɗigo 3, kuma daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Yatsan yaro ɗan shekara 7 ba ya rarrabe ƙananan ɗigo a ranar farko, don haka Malam ya ce a fara da manya. Muka kwaɓa laka muka yi ƙananan alluna masu gurbi 6 kamar na dara, muna sa ƙwallon dabino a ciki. Ƙwallo ɗaya a gurbin sama na hagu, harafin a ke nan. A ƙara ɗaya a ƙarƙashinsa, ya zama b. Mako 5 muna wannan kafin su taɓa takarda. Da aka zo kan allon rubutu da matsoki, na ji tsoron za su rikice, don ana huda takardar ne ta baya, daga dama zuwa hagu, sannan a juya a karanta daga hagu zuwa dama. Babban cikinsu ya ce, "Madam, ai kamar allon makaranta ne." Ya saba jin 'yan'uwansa na cewa daga dama ake fara rubutun allo. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin rubutun makafi na Faransanci, sai Malam ya tuntuɓi wani abokinsa da ya yi karatu a Najeriya muka bi yadda suke rubuta su can, don kada yaranmu su tashi da rubutun da ba mai iya karantawa sai mu.

Gardama mafi zafi a kan maganar hannu aka yi ta. Mai ba da shawara yana so a bi wadda ake koyarwa a makarantun kurame, wadda asalinta na Amurka ne. Andrew Foster, wani baƙar fatan Amurka kurma, shi ya shigo da ita Afirka ta Yamma. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Gana a 1957, kuma kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa kimanin 30 a ƙasashen Afirka. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ita ke da haruffan yatsu, ita ce yaro zai tarar in ya ci gaba da karatu. Telan kuwa ya tashi tsaye, hannuwansa na gudu har ɗansa da ke fassara mana ya kasa bin sa. Abin da yake cewa shi ne kuramen ƙasar Hausa suna da maganarsu tun kafin a haifi Foster, da ita suke ciniki, da ita suke neman aure, da ita yaran nan ke magana da uwayensu. In muka hana su ita a aji, mun maishe su bebaye sau biyu.

Ni bayan telan na bi, kuma har yanzu ina nan a kai. Dalilina shi ne abin da garin nan ya riga ya gwada. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, da Hausa aka fara sannan a shiga Faransanci, saboda an gane yaro ba ya koyon karatu a harshen da bai sani ba. A 2025 ma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ina ga yarinyar da Faransanci zai zame wa harshe na uku, wanda ba ta taɓa jin sautinsa ba? Muka daidaita: a fara da alamomin da yaro ya zo da su daga gida, a ɗora haruffan yatsu a kai, alamomin makaranta su riƙa shigowa a inda na gida suka gaza, kamar sunayen siffofi da na lissafi. Muka kuma ware minti 10 kowace safiya ajin duka na koyon maganar hannu. Telan kan rufe shago ya zo sau 2 a mako, bai taɓa karɓar ko dala ba. Kafin azumi yaran sun fi ni iyawa, har da ita suke hira in na juya baya, kuma a fili wajen wasa ba a ƙara barin kuramen su kaɗai a gindin bedi ba.

Yaron mai tirisomi shi kaɗai ne muka taɓa wa gidan farko. Na zo da jerin abubuwa, haruffa 5, ƙidaya zuwa 10, launuka. Mahaifiyarsa, wadda ke cikin kwamitinmu, ta saurara sannan ta ce, "Madam, ni duk ba wannan ke hana ni barci ba. Yaron nan yana son bin mutane. Ranar da ya ɓata, ina so ya iya faɗin sunansa da na unguwarmu da sana'ar babansa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka ɗaga nata zuwa layin farko, muka sassara shi ƙanana: mako 2 sunansa, mako 3 sunan unguwa, kullum mutum daban ke tambayarsa, don kada ya saba da muryata kaɗai. Bayan nan tsallaka titi, sannan ƙidaya da duwatsu. Mahaifinsa ya so a bar karatu a koya masa sana'a kawai. Sana'ar tana cikin shirinmu, amma na roƙe shi kada mu rufe wa yaro ƙofa yana ɗan shekara 8.

Gida na uku, na gwaji, shi ya haɗa ni da wani mai duba aiki da ya zo mana. Ya ga na ba kurma maki a hadda, ya ce ta yaya wadda ba ta magana za ta yi hadda. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta dama ka gani." Ta fito gaban allo ta kawo waƙar tun daga farko har ƙarshe da hannu da fuska, ba ta tsallake baiti ba, ajin na bin ta da baki. Ya ɗan jima yana duba takardarsa, sannan ya ce a rubuta a gefe cewa da hannu aka yi. Haka muka tsayar: tambaya iri ɗaya ga kowa, makaho ya amsa da baki ko da rubutunsa Malam ya karanta mana, kurma da hannu ko a rubuce, a kuma ƙara musu lokaci.

Ba duka aka ci nasara ba. Takardar rubutun makafi mai kauri ce kuma ba a sayar da ita a kasuwarmu. Da ta ƙare muka koma tsofaffin kalanda da kwalin sukari, ɗigon kuwa ba ya daɗewa yake lafewa. A aji mai yara 70, minti 5 da zan tsaya kan yaro ɗaya wani ne na tauye, kuma akwai ranakun da nakan tashi ban ko taɓa hannun makafin ba. A watan Afrilu, da ruwa ya yi wuya, 'yan matan sukan makara suna layin famfo da bido, darasin maganar hannu na safe ya wuce su. Ƙaramin makahon ba ya zuwa ranar Juma'a, don ranar ce kakarsa ke fita da shi bara a ƙofar masallaci, kuma abin da suka samu shi gidan ke ci. Na je na same ta. Ta ce, "'Yata, in na bar miki shi, ke za ki auna mana hatsi?" Ban da amsa. Sai muka janye darasin sabon harafi daga Juma'a zuwa Litinin. Ɗaya daga cikin kuramen kuma aka tafi da shi ƙauye wajen Mirriya da faɗuwar ruwan farko, don aikin gona, bai dawo ba. Shafinsa na nan a kayen, ya tsaya a kan harafi na 11.

Duk wata 3 mukan zauna mu biyar a zauren Malam, mu bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da magogi a hannu. A zaman da ya wuce mahaifiyar yaron nan ta zo da labari. Ya bi 'yan biki ya ɓace mata tun azahar, ta zaga unguwa har ƙafafunta suka kumbura. Dab da magariba wani ɗan kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar gida. Ya ce a bakin kasuwa ya gan shi yana kuka, ya tambaye shi, yaron ya faɗi sunansa, ya faɗi unguwa, ya ce babansa mahauci ne. Tana ba mu labarin tana share hawaye da gefen mayafi, telan na taɓa kafaɗar ɗansa ya yi sauri ya fassara masa.

Na goge layin farko na shafinsa, na hau da ƙidaya zuwa 10 a madadinsa. A 6 yake tsayawa yanzu. In ya kai nan sai ya koma 4. Malam ya ce a bar duwatsu a gwada da ƙosai, ranar Litinin za mu fara.